Ƙararrawar Bunsurun Tsibiri

A shekarun da na yi ina dillanci a Guangzhou babu irin shirmen da ba a aike ni nema ba. Na nemo wa wata Hajiya gashin doki ruwan goro, na sa an buga wa wani ɗan siyasa agogunan bango masu hotonsa yana wani murmushi da ban taɓa gani a fuskarsa ba, na taɓa yini guda ina yawo da murfin tukunya saboda mai ita ta rantse sai irinsa. Duk ban ɗauke su komai ba, sana'a ce. Amma ƙararrawar wuyan akuya sau ɗaya aka taɓa kawo mini, kuma Bature ne ya kawo ta.

Hajiyar da ke da ofishin tura kaya a bayan kasuwar Canaan ce ta haɗa ni da shi. 'Yar Zangon Kumasi ce, Hausarta ba ta raba mace da namiji, kowa "shi" ne a bakinta, kuma ba ta kiran mutum sai aiki ya fi ƙarfin haƙurinta. Ta ce wani tsoho ya zo daga ƙasar Girka, wani mai kwantena da take hulɗa da shi ne ya ba shi lambarta, kwana biyu kenan yana zaune mata a ofis yana kaɗa mata ƙararrawa. Ta ce in zo in ɗauke shi kafin ta yi abin da za a kira mata 'yan sanda.

Na same shi zaune kan kwali, gajeren tsoho mai faɗin ƙirji, farin gashin baki ya rufe masa leɓe. Rigar ulu ce a jikinsa, a lokacin nan na shekara da bangon ɗaki ke gumi a Guangzhou, wanki ya kwana uku bai bushe ba. Bai jira an gama gaisuwa ba ya zaro wani ƙunshi daga ƙirjinsa ya warware. Ƙararrawa ce ta baƙin ƙarfe, ba ta wuce ƙaramin ƙoƙo ba, ta lotsa ta gefe ɗaya, wuyanta ya siɗe saboda gogar fata. Ya riƙe ta da yatsa biyu, ya rufe ido, ya kaɗa sau ɗaya, sannan ya buɗe ido yana kallona yana jira in suma. Ni dai ƙarfe na ji ya bugi ƙarfe. Na ce masa ta yi kyau, guda nawa yake so.

Turancinsa na ma'aikatan jirgin ruwa ne, don a nan ya ƙarar da samartakarsa, nawa kuma na kasuwa ne, sai muka haɗu a tsakiya, hannu na cike abin da baki ya kasa. Daga wani tsibiri yake, ya faɗi sunan ya fi sau ashirin, har yau ban riƙe ba. Ƙararrawar gadon ubansu ce, kuma ba tasa ba ce, ta yayansa ce. Yayan makiyayin awaki ne, yanar ido ta rufe masa gani shekaru da yawa, amma bai daina hawa dutse ba. Ana ɗaura ƙararrawar a wuyan babban bunsurun da ke jan garke, shi kuma ya bi muryarta da sandarsa. Da ita yake sanin inda hanya ta karkata, da ita yake sanin ko awakin kiwo suke yi, ko sun tsaya shan ruwa, ko wani abu ya firgita su. Maƙerin da ke yin irinta a tsibirin ya mutu, ɗansa ya mai da maƙerar wurin ba 'yan yawon buɗe ido hayar babur. Ƙararrawar kuma ta fara cinyewa ta wajen wuya, wata rana tsagewa za ta yi.

Sai wannan tsoho, da yake shi ne wanda ya ga duniya a gidansu, ya bugi ƙirji a shagon gahawar ƙauyensu ya ce babu abin da ba a yi a ƙasar Sin, a ba shi ita ya je ya dawo da hamsin irinta. Yayan ya ƙi, ya sake ƙi, daga baya ya kwance ta da hannunsa, ya sa shi ya rantse zai dawo masa da ita lafiya kafin bikin awaki da suke yi idan ciyawa ta fito. Tun ranar makahon yake zaune a ƙofar gida, maƙwabci ke kora masa garke. Wato mutum ya bar ɗan'uwansa ba ido ba ƙafa, ya hau jirgi uku, don kawai ya cika bakin da ya yi a gaban masu shan gahawa. Na dube shi na ce a raina, ashe ba mu kaɗai ke da irinsu ba.

Ni abin ma dariya ya ba ni. Akuyarmu a Kano ba wanda ya taɓa rataya mata ko gwangwani. Da safe ta fita, ta tsallaka titi tsakanin 'yan adaidaita, ta ci takardar siminti da ɓawon rake, ta shiga gidan mutane ta sha duka, da magariba ta dawo gida da ƙafarta. Su kuwa sai an haɗa wa awaki ƙungiyar makaɗa, babba da murya mai kauri, na bayansa da sirara, wai kowane garke da amonsa. Na faɗa masa haka da iya Turancina. Bai ji haushi ba, sai ma ya tausaya wa awakinmu.

Kwana huɗu muka yi muna zaga kasuwannin ƙarfe da na kayan ado. Ko'ina amsa ɗaya ce, mai shago ya juya ta, ya leƙa cikinta, ya ce meyo, wato babu. Wata mata da ta ga kamar ta taimaka ta fito mana da ƙararrawar wuyan mage ruwan hoda. Tsakanin wannan meyo da wancan kuwa, labarin tsibiri nake sha.

Ban taɓa ganin mutumin da garinsu ya cika wa baki irinsa ba, kuma ni Bakano ne, na san abin da nake faɗa. Iskar Guangzhou ba iska ba ce, ta tsibirinsu ce iska, mai ƙamshin wani ganye da awaki ke ci har namansu ya ɗauka. Kogin da ya ratsa birnin nan kwata ce, tekunsu kuwa kana tsaye a ciki har wuya kana ganin farcen ƙafarka. Akwai bishiyar zaitun a gonarsu da ta girmi kakan kakansa, idan sanyi ya shigo a shimfiɗa mata raga a ƙasa, gida duka a fita da sanduna a kakkaɓe ta, a kai 'ya'yan wajen matsa, kuma kowa ya san ɗanɗanon man gidansu. Mata na shafe gidaje da farar ƙasa duk shekara, har tsakanin duwatsun daɓen hanya sai an ja wa farin layi. Masunta na shanya wata halittar ruwa mai hannu takwas a igiya kamar wanki, kuma wai ci ake yi. Ba a kulle ƙofa, ba a mutuwa da wuri.

Wata rana na bari ya kai aya, na tambaye shi, to ina samarin wannan aljanna? Ya ce suna babban birni, wasu suna Jamus. Makarantar ƙauyen an rufe ta, ba yara. Jirgin fito sau biyu yake zuwa a mako, in iskar arewa ta tashi kuma sai a yi kwana goma ba a ga ƙeyarsa ba, mai ciwon haƙori ya yi ta haƙuri. Ruwan sha na sama ne da ake tarawa a rijiyar siminti, in ya ƙare a jira na jirgi. Da sanyi ba kowa sai tsofaffi da maguna da awaki. Na ce, Baba, aljannar da kowa ke neman ƙofar fita kenan. Ya ce ban gane ba ne, ya ci gaba daga inda ya tsaya.

Ga barcin rana. Da azahar ta yi sai idonsa ya fara lumshewa, ko a ina muke. A kasuwar tufafi ta Shisanhang, inda masu turin kaya ke bi ta kan ƙafar mutum ba sa waiwaye, ya samu dilar wanduna ya kishingiɗa, wai a tsibirinsu ko kare ba ya haushi a wannan lokaci, kuma rashin mutunci ne ka buga wa mutum ƙofa. Ni na tsaya ina gadinsa, wayata na ta ruri. Ga carbi kuma, mai manyan ƙwayoyi ruwan zuma, yini yake yana wulwula shi a yatsa yana ƙas-ƙas. Da farko har na fara ganin girmansa. Da na tambaye shi me yake ja, sai ya ce ba komai, na ɗebe kewa ne, kowane namiji a shagon gahawa yana da nasa. Carbi guda, ko salati ɗaya bai taɓa gani ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne abinci. Na kai shi wajen Musulmin Sin masu taliyar hannu, na tambaye shi ko a ƙaro masa nama. Ya ɗaga gira, ya ɗan ɗaga haɓa, ya yi wani ɗan ƙara da harshe. To, wannan ai kowa ya san shi. Haka muke yi idan baki ya yi nauyin cewa eh, tun daga tsohuwa mai sauraron labari har amaryar da aka tambaya ko ta ƙoshi. Na sa aka kawo, ya bar naman ya sandare a faranti. Washegari a ɗakin wata 'yar Damagaram da ke tuƙa mana tuwo a hawa na tara, na ce a zuba masa miyar kuka, ya ɗaga gira, aka zuba, ko cokali bai sa ba. Na ƙudurta a raina cewa tsohon nan ɗan wulaƙanci ne, irin masu cewa a kawo don dai a ga sun isa. Matar ma ta ce kada in sake kawo mata shi.

Ranar Juma'a na bar shi a gindin wata bishiya a titin Masallacin Huaisheng. Kafin in fito mutanenmu sun kewaye shi yana kaɗa musu. Daga ranar sunana ya koma wakilin awaki, har wani ɗan Kantin Kwari yana tambayata ko zan samo wa tunkiyarsa 'yan kunne. Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba, wani dattijo Bafulatani daga Yola mai saro takalma. Ya karɓa, ya kaɗa kusa da kunnensa, ya sake kaɗawa, ya mayar da hannu biyu. Sannan ya ja ni gefe ya ce wannan ba kayan kasuwa ba ne, in lallaɓa mai ita ya koma da abarsa gida. Na ce, Baffa, kai da ka baro shanu ka zo kana gwada takalman roba, bar mu mu nemi abinci. Ina dariya na faɗa, shi bai yi ba.

A ƙarshe wani ya kwatanta mini wata masana'anta a bayan gari, tafiyar awa biyu a mota, inda ake buga ƙararrawar keke da ta teburin otal da 'yan ƙananan nan da ake rataya wa bishiyar Kirsimeti. Lawban ɗin wurin, wato maigidan, mutum ne mai tumbi, teburin shayinsa ya cinye rabin ofis. Tun kafin a kwance ƙunshin ya ce me wanti, wai ba matsala. Shekara goma ina jin wannan kalma, ban taɓa jin ta a inda babu matsala ba. Tsohon ya ƙi yarda ƙararrawar ta kwana a wurin. Sai dai ma'aikaci ya shiga da ita ciki, a auna, a ɗauki hoto, a dawo da ita cikin 'yan mintuna, shi kuma yana zaune idonsa a kan ƙofar har ta fito.

Bayan mako guda muka koma. Aka jero mana guda shida a tebur, kuma wallahi na yaba. Sun kwaikwayi lotsawar gefen, sun kwaikwayi siɗewar wuyan, har tsatsa sun yi mata da fenti. Da za a cakuɗa su da ta asalin ba zan iya fitar da ita ba. Tsohon ya ɗauki ta farko, ya rufe ido, ya kaɗa, ya ajiye. Haka ya bi su duka shidan, sannan ya kaɗa tasa. A nan kam ko ni da kunnena ya saba da hon ɗin mota na ji bambanci. Nasu sai su yi ƙwal su mutu nan take kamar gwangwanin madara, tasa kuwa sai ta yi ƙasa da murya ta ja, hannu ya tsaya ita ba ta gama magana ba. Lawban ya ce ai iri ɗaya ne. Ya ɗauko waya ya nuna mana hotunansu gefe da gefe, don mu gani da idonmu cewa ƙarar ɗaya ce.

Aka sake mako, aka sake buga wasu guda shida, suka fito da sabuwar muryar gwangwani. Biki na matsowa, tikitin tsohon saura kwana biyar, ni kuma ina da baƙi uku daga Kano da ke jirana a gari, masu sayen kayan da mutane ke sawa. Rannan ne lawban ya kira wani daɗaɗɗen ma'aikacinsa suka yi ƙus-ƙus, ya juyo ya ce mini da yarensu maƙerin ya yi wa ƙarfen wani abu. Kaurinsa ba ɗaya ba ne daga sama zuwa ƙasa, kuma kamar an shafa masa tagulla an gasa. Ba za a gane yadda aka yi ba sai an raba ta biyu an duba.

Na san amsar da ya kamata in ba shi ba tare da na tambayi kowa ba. Na san labarin makahon, sau nawa aka ba ni shi. Amma na gaji, kuma na riga na yanke wa tsohon hukunci cewa rabin maganarsa cika baki ne. Na juya na faɗa masa a gajarce, na kwatanta da hannu, na sa gefen tafina na yanki iska a kan ƙararrawar. Na ce, "Baba, a yanka?"

Ya ɗaga gira, ya ɗaga haɓa, ya yi ɗan ƙaran nan da harshe.

Na ɗan yi mamaki, ba zan ɓoye ba. Amma ban sake tambaya ba, don amsar ta yi mini daɗi. Na ce wa lawban ya yarda. Ma'aikacin ya ɗauki ƙararrawar ya shiga ciki yadda ya saba, tsohon ya bi shi da ido yadda ya saba, lawban ya zuba mana shayi a 'yan kofunan nan da ba sa jiƙa maƙogwaro.

Ko me ya tuna masa, sai ya kama ba ni labarin bikin. Ya ce tun asuba kowane makiyayi zai koro garkensa daga dutse zuwa wani ɗan farin coci da ke kan tudu. Mutanen ƙauye suna tsaye a farfajiya, gari bai gama wayewa ba, sai dai su kasa kunne. Tun garke na bayan dutse za a ce ga na wane nan, ga na gidan wane. Limamin cocin ya yayyafa wa dabbobin ruwa, a tatse su a wurin, a tafasa madarar a manyan tukwane, kowa ya sha har baƙon da ba a san daga ina ya fito ba, kuma ranar ba a sayar da ko ɗigo. Garken yayansa ne ke fara shiga, don ƙararrawarsa ce mafi tsufa a tsibirin. Ya ce tun da idon ya tafi haka yayan ke shigowa a bayan bunsurun, ba mai riƙe masa hannu, kansa a sama, tsofaffin mata suna share hawaye. Yana cikin wannan bayani injin yankan ƙarfe ya tashi a ciki. Masana'anta ce, ƙara ba baƙo ba ne, bai ko lura ba. Ni na san ko mene ne, ina kurɓar shayi ina duba saƙonni a waya.

Aka fito da ita a kan faranti, gida biyu, harshenta a gefe, bakin yankan yana ƙyalli. Lawban ya ɗauki ɓari ɗaya yana nuna mini da farce, murna ta cika shi, ga tagullar nan, ga inda ya yi kauri. Tsohon bai yi ihu ba. Ya miƙe a hankali, ya ɗauki ɓarin biyu ya haɗa, suka rabu, ya sake haɗawa. Sannan ya dube ni ya tambaye ni wa ya ce a yi haka.

Na ce shi ya ce. Har da zafina, don na tsani a mai da ni maƙaryaci a gaban Sinawa. Na kwaikwayi abin da ya yi, na ɗaga gira, na ɗaga haɓa, na yi ƙaran, na ce ba haka ka yi ba?

Ya ce, "Haka na yi. A'a kenan."

Na ce a'a a ina? Ya ce a tsibirinsu, da ƙasarsu gaba ɗaya, ko jariri ya san wannan a'a ce. Nan take naman da ya sandare da miyar kukar suka faɗo mini a rai. Mako uku mutumin nan yana ce mini a'a, ina kawo masa, ina kuma zaginsa a zuci. Da mai hankali ne, da a nan ya yi shiru. Ni kuwa sai na hau bayani, wai duk duniya ɗaga gira eh ne, su ne suka juya abu, kuma mutum yana da baki me zai hana ya buɗe ya yi magana. Ina jin abin da bakina ke faɗa, ina jin kunyarsa, kuma ban daina ba.

Ya ajiye ɓarin a kan tebur. Ya ɗaga hannuwansa biyu, ya ware yatsu goma, ya watso mini su a fuska.

Wannan kam ba na bukatar tafinta. Daƙuwa ce, irin tamu sak, kuma daga baya na tabbatar abin da take nufi kenan a wajensu su ma. Duk laluben yaren da muka yi mako uku, ashe wannan ce kalma ɗaya da muka haɗa. Na tsaya na karɓe ta, don tawa ce. Lawban kuwa ya dubi yatsun ya washe baki, ya ce kwana goma ya yi yawa, yanzu da ya ga cikinta kwana bakwai ma sun isa, me wanti.

Ya sa aka yi mata walda kafin mu tafi, kyauta, yana ta nanata kyautar. Suka goge wurin har tabon bai cika fitowa ba. Tsohon ya kaɗa ta sau ɗaya, ta yi ƙwas kamar an jefa cokali a kwano. Bai sake ba. Da za mu fita ma'aikacin ya cusa mini ɗaya daga cikin samfuran a aljihu, wai tsaraba.

Muka shiga mota. Bakin da ya iya jayayya ya kasa furta ka yi haƙuri. Muna kan babbar gada, ana yayyafi, wayarsa ta yi ƙara. Ya duba ya bar ta ta katse. Ta sake. A karo na uku ya ɗauka, na ji muryar mace, sannan ta wani tsoho, mai kauri, yana magana a hankali. Suka ɗan tattauna da yarensu. Sai ya sauke wayar kan gwiwarsa, ya juya yana kallon taga, ya ce yayansa ne, matar maƙwabci ta kira masa. Wai ya yi kewarta, yana so a kaɗa masa ita ya ji.

Kuma duk da haka ban koyi komai ba. Dabara ta zo mini, irin dabarar da ta ciyar da ni shekara goma a garin nan, cewa ai waya ce, tsakanin nan da can duniya guda ce, wa zai bambance. Kafin ya hana ni na zaro samfurin daga aljihu, na kai shi bakin wayar na kaɗa sau biyu.

Aka yi shiru a can. Shirun ya yi tsawo har na fara murna. Sai muryar ta faɗi 'yan kalmomi, ba faɗa, ba ɗaga harshe. Tsohon nawa ya kashe wayar ya riƙe ta a cinya.

Na daure har muka sauka daga gadar, sannan na ce, "Baba, me ya ce?"

Bai dube ni ba. Ya ce, "Ya ce akuyar waye wannan."